Shekarar da Baba Ya Riƙa Raka Ni Jami'a

Da na gama sakandare, makin da na ci a jarrabawar shiga jami'a bai kai wanda ake nema a fannin injiniya ba. Yayyena suka ce in karɓi duk fannin da aka ba ni, ai ni mace ce, digiri dai digiri ne. Na ƙi. Tun ina ƙarama ni ce mai kwance rediyon gidanmu da fitilar caji, kuma ba kullum nake iya mayar da su yadda na same su ba. Wani malaminmu ne ya gaya mini akwai wata hanyar: in je kwalejin fasaha in yi difloma ta shekara biyu a fannin lantarki, idan sakamako ya yi kyau jami'a za ta ɗauke ni kai-tsaye a aji biyu. Na ce na yarda.

Gidanmu yana cikin birni, a lungunan bayan Kasuwar Kurmi, inda kakan Baba ya sauka da ayari daga Turabulus, bai kuma koma ba. Baba yana da rumfa a Kurmi, yana sayar da darduma da turare da jar dara. Mutum ne marar yawan magana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Da na kai masa maganar kwaleji bai hana ba, bai kuma nuna ya ji daɗi ba. Ya ce Allah ya sa alheri, ya ci gaba da ninke dardumarsa. Duk zaman da na yi a kwalejin, ban tuna ranar da ya tambaye ni abin da ake koya mana ba.

A ajinmu mu biyu ne mata. Ɗayar 'yar Ƙofar Wambai ce, mahaifinta yana sayar da robobi a kasuwar can. Malamai ba su wahalar da kansu wajen riƙe sunayenmu ba, ni 'yar Larabawa, ita ta Wambai, har 'yan aji suka ɗauka. Doguwa ce, mai saurin magana da saurin dariya. Ita ma maki kaɗan ne ya hana ta jami'a, sai dai ita Turanci ne ya kayar da ita. Lissafi kam ban taɓa ganin wanda yake yi masa irin nata ba. Malam yana cikin rubuta tambaya a allo za ka ga bakinta yana motsi, kafin ya juyo ta rufe littafi. Amma tana tsoron ƙarfen narka dalma kamar maciji, idan an shiga ɗakin gwaji sai ta koma bayana ta riƙe mini waya da ɗan yatsa biyu. Haka muka raba aikin ba tare da mun yi shawara ba. Ni hannu, ita kai.

Ranar Asabar ina zuwa gidansu, mu baje takardu a ɗakin Innarta, ta koya mini abin da ya shige mini duhu a sati. Ba ta da haƙurin koyarwa. Idan na kasa ganewa sau biyu sai ta ƙwace biron ta ce in kalli hannunta kawai. Amma ina ganewa. A ɗakin nan muka ƙulla cewa tare za mu nemi jami'a, tare za mu zauna a layin gaba, don kada a ce 'yan difloma sun zo sun ɓuya a baya.

A shekararmu ta farko garin ya canja. Wata Juma'a da yamma ina taya Umma tankaɗe muka ji ƙara har ƙasa ta motsa, sai wata, sai wata, sannan harbi. Baba ya dawo daga kasuwa a ƙafa, ya sa aka rufe ƙofar zaure tun rana ba ta faɗi ba, abin da ban taɓa gani ba a gidanmu. Aka sa dokar hana fita. Da aka sassauta, muka fito muka tarar da buhunan yashi da ganguna a tsakiyar tituna, da sojoji a bayansu. Tafiyar da ba ta da nisa ta koma ta rabin safiya. Masu babur sai su sauka su tura, hannunka kada ya kusanci waya idan an zo shinge. Daga baya aka hana acaɓa gaba ɗaya, kowa ya koma adaidaita-sahu. Muka saba, kamar yadda kowa ya saba. Idan an ji ƙara daga nesa malam yakan ɗan tsaya da alli a hannu, a saurara, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ga yajin aikin malamai ya zo ya ja shekara biyun ta kusa zama uku. Duk da haka muka gama, sakamakonmu ya yi kyau, na ƙawata ya fi nawa, muka cike neman jami'a rana ɗaya.

Jami'a ta ce a kawo takardar sakamako daga kwaleji. Ni da ƙawata muka yi alkawarin haɗuwa a ofishin kwalejin bayan azahar. Ranar aka ɗauke wuta ina tsakiyar gugar hijabina, sai da na hura gawayi na zuba a dutsen guga na Umma. Ƙawata ta kira ni a waya ta ce layi ya yi tsawo, ɗalibai sun cika wurin, amma ta kama mini wuri a bayanta, in yi sauri. Na ce ga ni nan.

Ina cikin adaidaita, mun kusa, muka ji ƙarar. Direban bai tambayi kowa ba, ya juya kan keken ya bi hannun da ba nasa ba. Na yi ta kiran wayarta tana shiga ba a ɗauka, can ta daina shiga. Sai washegari yayanta ya gaya mana asibitin da aka kai ta.

Ta rayu. Waɗanda ke gabanta a layin da yawa ba su rayu ba. Kunnenta na dama ya mutu, na hagu yana ji kaɗan idan an matso kusa. Ƙarfe ya shiga hannunta na dama, likitoci suka ceci hannun amma yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. Ranar da na fara ganinta a gadon asibiti ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce da murya mai ƙarfi, don ba ta jin kanta, “Ashe ba ki iso ba.” Na girgiza kai. Ta ce alhamdulillahi, ta rufe ido.

Aka ce yarinya ce ta shigo da bom ɗin a ƙarƙashin hijabi. Ba ita ce ta farko ba a kwanakin, ba kuma ita ce ta ƙarshe ba. Daga nan budurwa mai dogon hijabi da jaka ta zama abin tsoro a Kano. Na fara ganin haka a hanyar zuwa asibiti. Sai in tsayar da adaidaita, direba ya rage gudu, ya dubi hijabina, ya dubi ledar abincin da na riƙe, ya ƙara mai. Wata rana na shiga, wata dattijuwa da ke ciki ta ce a tsaya, ta sauka ba ta kai inda za ta ba. Ban ji haushinta ba. Ni ma idan na hango yarinya ita kaɗai tana tahowa a lungu, sai in ji ƙafata tana neman canja hanya.

Da aka sallame ta na ci gaba da zuwa gidansu. Nakan zauna ta hagunta in ba ta labarin 'yan aji. Tana saurara, ko tana yin kamar tana saurara, idonta a kan bango. A cikin wannan hali sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka suka fito. Mu biyun duka an ɗauke mu. Na kwana biyu ina juya yadda zan gaya mata, ashe yayanta ya riga ni. Da na je ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da zan tafi Innarta ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba yi ba, ta riƙe hannuna.

“'Yata, don Allah ki ɗan ja baya kwana biyu,” in ji ta. “Ba laifinki ba ne, Allah ya sani. Amma duk ranar da kika zo, ba ta cin abinci.”

Na ce to, Inna. Na fito na bi ta cikin kasuwar robobi, mutane suna matsa mini hanya fiye da yadda ake buƙata, na taka a ƙafa har gida.

Na gaya wa Umma ba zan je jami'ar ba. Ba ta ja ba, don ita dama tun ranar da abin ya faru take so in zauna a gida. Ita ta gaya wa Baba. Washegari da safe yana shan shayi a ƙofar ɗakinsa ya sa aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ya ji magana, yana so ya ji daga bakina.

“Tsoron hanya ne, Uwata, ko kunyar ƙawarki?”

Na ce duka biyun.

Ya juya kofin a hannunsa. Sannan ya ce, “Kunyar ba ni da maganinta. Hanyar kuwa, ki bar mini.”

Ban gane abin da yake nufi ba sai ranar da aka buɗe makaranta. Na fito da jakata, zuciyata tana cewa in koma, na tarar da shi a zaure cikin farar babbar riga, ya sa takalmi, ya riƙe carbi. Bai yi mini bayani ba, ya wuce gaba na bi shi. A bakin titi ya ɗaga hannu, adaidaita ta farko ta tsaya. Yarinya ita kaɗai abin tsoro ce, amma yarinya a gefen dattijo mai furfura 'yar wani ce. Muka bi ta gefen Goron Dutse muka fita bayan ganuwa. A ƙofar jami'a akwai layin maza da layin mata, mata masu gadi suna sa mu ɗaga hijabi tun daga nesa, mu buɗe jaka mu ajiye a ƙasa. Baba ya tsaya a gindin wata bishiyar darbejiya yana kallo har aka gama da ni na shige, sannan ya juya. Bayan la'asar na fito na same shi a wurin.

Haka ya riƙa yi kullum. Mutumin da tun tasowata shi ne farkon buɗe rumfa a layinsu ya koma buɗewa da hantsi, da yamma kuma ya bar wa maƙwabcinsa. Yayyena suka ce su za su karɓe shi, ya ce saurayi da budurwa da jaka sun fi budurwa ita kaɗai ban tsoro. A hanya ba ma hira. Yana jan carbinsa, ni ina kallon gari.

Cikin jami'ar kuma wata duniya ce. 'Yan ajin da na shiga sun shekara tare, kowa ya san abokin zamansa, sun san halin kowane malami. Mu da muka zo da difloma ba mu da yawa, kuma ni kaɗai ce mace a cikinmu. A laccar farko ta lissafi malamin ya ce 'yan difloma su ɗaga hannu. Muka ɗaga. Ya ce ba zai koma baya saboda mu ba, abin da aka yi a aji ɗaya mu nemo shi da kanmu. Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiya ya gaya mana. Ya juya ya cika allo da abin da na san sunansa kawai, ban san cikinsa ba. A kwaleji an koya mana yadda za mu yi amfani da ƙa'ida, a nan ana so ka nuna daga inda ta fito. Na zauna a layin gaba kamar yadda muka ƙulla. Kujerar gefena ta daɗe ba kowa a kanta. Ban sani ba ko jakata ake tsoro ko baƙunta ce kawai. Sau da yawa idan abu ya shige mini duhu sai in juya hagu da niyyar tambayar ƙawata, in tarar ba ta nan.

A ɗakin gwaji ne kaɗai nake samun sauƙi, don abin da ake yi a can na riga na yi shi. A nan na fara sanin wasu 'yan mata biyu na ajin, muka riƙa gaisawa, daga baya ɗayarsu ta dawo kusa da ni da zama. Suna da kirki, amma idan na tambaye su lissafi sai su yi mini bayani irin na malam, in ce na gane alhali ban gane ba.

Wajen tsakiyar zango aka ba mu aikin haɗa ɗan akwatin da ke karɓar wutar gida ya rage ƙarfinta yadda ƙananan na'urori za su iya ɗauka. Lokacin ɗakin gwaji bai ishe ni ba, na kawo kayan gida na ƙarasa. Ranar da za a kai, na sa shi a kwalin takalmi. Ban yi tunanin komai ba, wallahi, hankalina yana kan ko zai yi aiki a gaban malam. Baba ya karɓi kwalin ya ɗora a cinyarsa.

A shingen da ke kusa da ganuwa, inda kullum ake ɗaga mana hannu mu wuce, ranar aka tsayar da mu. An canja sojojin wurin. Wanda ya leƙo yaro ne, ba zai girme ni ba. Ya nuna kwalin ya tambayi mene ne. Baba ya buɗe murfin. Ni ma da na kalle shi a lokacin, da idon wani, na ga abin da sojan ya gani: wayoyi ja da baƙi, ƙarfe mai naɗin waya, 'yar fitila, maɓalli.

Sojan ya ja da baya da sauri ya ɗaga bindiga. Direbanmu ya fice ya bar keken a kunne. Kafin ka ce me, titi ya watse, masu motocin baya suna ta ribas. Aka ce mu fito, hannu a sama. Baba ya fito da kwalin a hannu, don bai san inda zai ajiye shi ba. Aka ce ya ajiye a ƙasa a hankali, ya ajiye. Aka ce mu zauna. Baba ya tattara babbar rigarsa ya zauna a kan kwalta, a gefen kwata. Ban taɓa ganinsa zaune a ƙasa ba tabarma ko darduma ba.

Na fara bayani da Turanci, muryata tana rawa, na ce ni ɗaliba ce, aikin makaranta ne, katina yana cikin jaka. Sojan bai ji ba. Ina kallon bakin bindigar yana rawa kamar muryata. Can wani babba a cikinsu ya zo, ya tsaya daga bayan buhunan yashi, ya yi magana da Hausa. Ya ce idan gaskiya ne aikin makaranta ne, in ɗauki kwalin in kai tsakiyar filin da ke gefen titi, in kwance shi ɗaya bayan ɗaya suna gani. Ya ce dattijon ya matso wajensu.

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, 'yata ce. Inda ta zauna nan zan zauna.”

Babban ya dube shi, ya yi mini nuni da filin. Na ɗauki kwalin na tafi tsakiyar filin, Baba yana biye da ni. Muka zauna a ƙasa. Ina da sukundireba a jaka, amma na ji tsoron sa hannu a jakar, sai na yi ta cisge wayoyin da hannu. Abin da na kwana uku ina liƙawa na raba shi cikin ɗan lokaci, ina ɗaga kowane yanki sama su gani, in ajiye a gefe. Baba yana karɓar waɗanda suka gangara yana jera su a kan murfin kwalin. Da na gama babban ya zo ya taɓa su da ƙafa, ya duba katina, ya ce mu tafi, kada in sake yawo da irin wannan. Bai ba da haƙuri ba, mu ma ba mu jira ba. Ƙaramin sojan yana jingine da buhu, gumi ya jiƙa masa riga, ya ƙi kallonmu.

Na ɗauka gida za mu koma. Baba ya kakkaɓe rigarsa, wadda bayanta ya yi baƙi, ya tsayar da wani keken ya faɗi sunan jami'a. Mun yi nisa kafin ya yi magana. Ya ɗauki ƙarfen mai naɗin waya daga cikin kwalin yana juya shi, ya tambaye ni wannan mene ne aikinsa. Na gaya masa. Ya tambayi yadda aka yi wuta ke ragewa alhali wayar shiga da ta fita ba su taɓa juna ba. Na yi masa bayani iya yadda zan iya, ina share hawaye da gefen hijabi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ikon Allah, ya mayar da shi cikin kwalin. Malamin ya ba ni ƙarin kwana biyu, na sake haɗa akwatin a ɗakin gwaji. Umma ba ta ji labarin ba sai bayan shekaru, a ranar da abin ya faru dai ta ce da Baba ina ya samo wannan dauɗa, ya ce zama ya yi.

Da sakamakon zangon farko ya fito na ci komai ban da lissafi. Zan maimaita shi a shekara mai zuwa, tare da na shekarar. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba tun da na shiga kwaleji, kuma na san dalili: yanzu ba ƙawata a gefena. Na gaya wa Baba a cikin keke, don a nan ne muke ganin juna. Ya tambaya ko korata za a yi, na ce a'a. Ya ce to.

A duk watannin nan ban taka gidan ƙawata ba. Ina aika gaisuwa ta wajen yayanta, yana cewa tana samun sauƙi. Wata ranar Alhamis, cikin hutun zango, saƙo ya shigo wayata daga sabuwar lamba. Ba sallama, ba gaisuwa. An rubuta: “Me ake yi muku a lissafi?” Na san mai irin wannan tambayar.

Ranar Asabar na ɗauki littattafaina na tafi. Inna ta karɓe ni kamar jiya na bar gidan. Ƙawata ta rame, ta kuma daina saurin magana, tana auna muryarta kafin ta fitar. Ba mu yi maganar abin da ya wuce ba. Na buɗe mata takardar jarrabawar da na faɗi. Ta karanta, bakinta ya fara motsi. Ta ɗauki biro da hannun hagu, rubutun yana karkacewa kamar na ɗan aji ɗaya, ta yi layi biyu ta tsaya. Ta ce wannan ba ta taɓa ganinsa ba, in bar mata littafin sati ɗaya. Da na koma ta karance babin, ta kuma gano inda nake ɓacewa. Yanzu ba ta iya ƙwace biro ta ce in kalli hannunta, dole ta faɗa da baki ni in rubuta, idan na yi kuskure ta buga mini littafin da bayan hannu.

Na yi ta roƙonta ta sake nema, na ce na tambaya an ce za a iya duba lamarinta. Ta ce ba ta iya zama a ɗaki mai mutane da yawa, ko gidan biki ba ta shiga, kuma ko ta zauna ba za ta ji abin da malam ke faɗa ba. Da na matsa sai ta ce, “Ki bar maganar nan, in dai kina so ki riƙa zuwa.” Na bari. Wasu Asabar ɗin tana cikin walwala, wasu kuma Inna takan tare ni a tsakar gida ta ce yau kanta yana ciwo, in juya. Na ci lissafin da na maimaita, ba da wani babban maki ba. Na kawo mata takardar ta duba, ta nuna mini tambaya ɗaya ta ce wannan ai mun yi ta.

Baba ya raka ni shekara guda cur. A shekara ta biyu gari ya fara lafawa, aka kwashe wasu shingayen, masu keke suka koma tsayawa ga kowa. Gwiwarsa kuma ta fara damunsa, hawa keke yana yi masa wuya. Wata safiya na fito ban same shi a zaure ba, Umma ta ce ya wuce kasuwa. Na tsaya jim, sannan na fita ni kaɗai. Bai ce ya daina ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ga kammalawata, ya rasu ina bautar ƙasa.

Ƙawata ba ta koma karatu ba. Ta fara koya wa 'yan matan unguwarsu lissafi a soron gidansu, biyu-biyu, uku-uku, iyakar yawan da za ta iya zama da su. Daga baya ta yi aure a can cikin birni, ta ci gaba a gidanta, har yau iyaye suna bin layi don ta karɓi 'ya'yansu. Ni kuma ina aikin sa wutar sola a asibitocin karkara, ina yawan tafiya, sai mu yi watanni ba mu haɗu ba. Zumuncin yana nan, amma bai koma yadda yake a da ba, kuma mu biyun mun sani. Ba ta taɓa tambayata yadda cikin jami'ar yake ba, ni ma ban taɓa ba ta labari ba.

Bara da zafi ta aiko mini cewa ɗaliban suna wahala idan an ɗauke wuta, ko zan zo in duba mata. Na je da faranti biyu na sola da batir, na hau rufin soron gidanta na ɗaura, na sa mata fanka da ƙwan fitila biyu. Tana tsaye a ƙasa tana kallona har na sauko. Muka ci shinkafa da wake a faranti ɗaya, ɗalibanta na yamma suka fara sallama, na tattara kayana na ba su wuri.